Yadda na sa alamar makirfo ta riƙa fitowa a saman sikirin ba tare da ta takura min ba

Abin da nake so ba wani babba bane: in na kashe makirfo ana cikin mitin, wani ɗan jan ɗigo ya zauna a kusurwar sikirin, sannan rubutu ya fito ya ce "an kashe" ya ɓace da kanshi, irin dai alamar nan da take fitowa in ka ƙara sauti. Sanarwar Windows ta gefe bata min ba sam, tana taruwa a wajen ajiyar sanarwa, kuma in ka kunna yanayin kar a dame ka sai ta ƙi fitowa. Shi yasa na rubuta tawa da harshen Python da PyQt6, wato kayan haɗa tagogin manhaja na Qt da ake amfani da su a Python.

Ashe abin duk taga ce kawai, taga irin ta kowace manhaja, sai dai an tuɓe mata komai. A Qt ka sa FramelessWindowHint ya cire mata baki da maɓallan rufewa, WindowStaysOnTopHint ya ɗora ta saman sauran, WA_TranslucentBackground ya sa ana hango abin da ke bayanta, sai Qt.Tool ya hana ta fitowa a layin ƙasan sikirin da manhajojin da ke buɗe suke jeruwa. Wannan duk minti kaɗan ne, kuma wallahi ranar da na fara ganin ɗigon nan yana shawagi a kan burauza na ji daɗi sosai.

Inda aikin yake shine hana ta ƙwace kibod. Kana cikin rubuta saƙo alamar ta fito, sai ka ga haruffa sun daina shiga saboda Windows ta miƙa wa sabuwar tagar ragama, kai kuma baka sani ba kana ta danne-danne a banza, sai ka ɗago kai ka tarar rabin jimlar babu. A wajena alamar da take yin haka gara babu ita. Maganin shine WA_ShowWithoutActivating tare da WindowDoesNotAcceptFocus, in kuma kai tsaye kake magana da Windows to WS_EX_NOACTIVATE ne. Haka ma linzami, dole in ka danna kan alamar dannawar ta ratsa ta sauka kan abin da ke ƙasa, in ba haka ba ɗigon ya zauna daidai kan maɓallin rufe taga ya tare ka. WindowTransparentForInput ne ke wannan, a Windows kuma WS_EX_LAYERED da WS_EX_TRANSPARENT ake haɗawa. Amma ka sani da zarar ka sa shi kai ma ba za ka iya jan alamar da linzami ba, sai da na yi mata wani maɓalli na daban da yake buɗe ta in gyara mata mazauni in sake kullewa.

Wani abu kuma, sashen da yake sauraron kibod don ya ji lokacin da na danna maɓallin kashe makirfo a zare na daban yake gudu, wato wani layin aiki da ke tafiya a gefen babban layin manhajar, Qt kuma bata yarda a taɓa taga daga wani zare in ba babban ba. In ka kira show(), umarnin nuna taga, daga can wani lokacin zai yi, wani lokacin manhajar ta mutu ba ko sallama. Sigina ake aikawa babban zaren ya zana da kanshi.

Sai maganar sikirin biyu. Girman rubutu da hotuna a laftof ɗina a kan 150% yake, babbar monita kuma 100%, in ka rubuta lambobin waje da hannu to alamar zata yi daidai a ɗaya ta karkace a ɗayan. Kuma monitar da ke hagu da wadda Windows ta ɗauka a matsayin ta farko lambobinta ƙasa da sifili suke farawa. Na daina lissafi da kaina, ina tambayar Qt wane sikirin linzami yake kai, in ɗauki availableGeometry ɗinsa, wato filin da taga zata iya zama, in auna daga kusurwa.

Akwai inda dabarar bata kaiwa. Gem ɗin da ya karɓe sikirin gaba ɗaya shi kaɗai yana iya danne alamar, sai ka maida shi yanayin taga mara baki sannan ta fito. Su Steam da Discord, manhajojin ƴan gem da ake ganin alamominsu a cikin gem, sun saba shiga cikin zanen gem ɗin ne kai tsaye, ni ban bi nan ba kuma bana ba kowa shawara, don manhajojin kama maguɗi na iya ɗaukarka mai maguɗi su rufe maka asusu. A Linux kuwa X11, tsohon tsarin nuna tagogi, ya barni na yi yadda naso, amma a Wayland, sabon tsarin, manhaja bata da ikon zaɓar inda tagarta zata tsaya, sai ta hanyar wani ƙari da ake kira layer-shell, wanda a cikin tsarin destof na Linux KDE da Sway suna da shi GNOME kuma babu.

Ɗaya da naji daɗin samu: SetWindowDisplayAffinity da WDA_EXCLUDEFROMCAPTURE, umarnin Windows da ke hana taga fitowa in ana ɗaukar sikirin, yana aiki tun daga Windows 10 bugu na 2004 da ya fito a 2020. Ni ina ganin ɗigon, amma in ina nuna wa ƴan mitin sikirin ɗina su basa gani.

Rubutun na barshi daƙiƙa ɗaya da rabi, fari a kan baƙi mai ɗan shara-shara don ya karantu ko bayan fari ne ko duhu. In na danna maɓallin sau biyu a jere ba sabuwar taga ake buɗewa ba, tsohuwar ce take canja rubutu agogonta ya koma farko. Ɗigon kuma baya ƙyafta ido ko kaɗan, na gwada mai ƙyaftawa naga hankalina yana barin mai magana yana komawa kusurwa, sai na cire.