Na'urar da ba ta kumfa

Yau ce ranar da Malam, mai koya mini nutso, ya ce in same shi mu yi maganar na'urar maimaita numfashi ta masu nutso a ruwa, kuma na fita cike da zumuɗi, domin a raina na riga na gama shawara, abin da ya rage kawai shi ne ya sa albarka. Sunaye biyu na rubuta a takarda. Na farko Poseidon Se7en, ƙirar Suwidin, wadda rufaffiya ce ruf: numfashin da ka fitar yana bin tiyo ya ratsa gwangwanin sinadarin da ke tsotse kabon dayoksaid, kwamfuta ta ƙara masa tsantsar oksijin, sannan ya dawo bakinka. Na biyu Mares Horizon, wadda rabi ce a rufe, tana aiki da naitroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, tana kuma zubar da wani kaso na numfashin a ruwa, saboda haka mai ita ba ya shan wahalar neman inda za a cika masa tsantsar oksijin.

Malam bai ko buɗe takardar ba. Ya tambaye ni, "Me kake nema a ƙarƙashin ruwan nan wanda tukunyar iskarka ta yanzu ta hana ka?" Na ce masa shiru nake nema, domin na gaji da yadda kifaye suke watsewa da zarar na saki kumfa kafin in daidaita kyamara. Na ƙara da lissafin da na haddace, cewa iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin, wadda muke fitarwa kuma tana da kusan kashi 16, duk muna zubar da ita a banza, sannan a zurfin mita 30 tukunya tana ƙarewa da sauri ninki huɗu na yadda za ta ƙare a saman ruwa. Ya yi murmushi ya ce lissafin daidai ne, kuma ba sabon abu na gano ba, tunda Henry Fleuss ya yi rajistar irin wannan na'ura a Ingila tun 1878, shekaru da dama kafin Faransawa Cousteau da Gagnan su fito da tasu mai kumfa a 1943.

Sai ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani ɗan kurtu na roba mai farin fatar tacewa a kansa, ya ɗora mini a tafin hannu. Ba shi da wani nauyi, kuma an rubuta kwanan wata a gefensa da alƙalami. Ya ce wannan shi ne ma'aunin oksijin, yawancin rufaffun na'urori guda uku suke ɗauke da su domin kwamfuta ta gwada abin da kowanne ya faɗa, kuma yana mutuwa a hankali ko da a ajiye yake, shi ya sa ake sauya shi bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya tsufa yana iya karanta daidai a saman ruwa, amma a ƙasa ya kasa haura wani adadi, kwamfuta ta ɗauka oksijin ya yi ƙaranci ta yi ta ƙarawa. Ana riƙe matsin oksijin a wajen bar 1.3 (bar shi ne awon matsi), idan ya haura 1.6 mutum yana iya kamuwa da jijjiga kamar ta farfaɗiya, idan kuma ya faɗi ƙasa da 0.16 suma ce ke tafe. Daga nan ya faɗi maganar da ta hana ni sakat har yanzu: "Tukunyarka idan ta ƙare za ka ja ka ji babu, ka san abin yi. Wannan kuwa za ta ci gaba da ba ka numfashi mai ɗumi, mai laushi, ba tare da ka ji komai ba, har idonka ya rufe."

Na ce, "To Malam, ai shi ya sa na karkata ga Poseidon, wadda ke gwada kanta kafin a shiga ruwa, take kuma girgiza abin baki idan akwai matsala." Ya amince cewa wannan fa'ida ce ta gaske ga sabon shiga, amma ya ce kwamfuta ba za ta cika mini gwangwanin sinadari da kyau ba idan irin wanda ake cikawa da hannu na zaɓa, ba za ta wanke tiyo ba, ba kuma za ta bi jerin binciken da ke kan kati a madadina ba. Tambayoyinsa kuwa ba su shafi kyan na'ura ba ko kaɗan. Shin ta cika ƙa'idar Turai ta EN 14143? Akwai mai koyar da ita takamaimai a inda zan iya zuwa, tunda shaidar horo ta na'ura guda ce, wadda ka koya a kanta kaɗai? Wa zai duba ta duk shekara, kuma a ina zan riƙa samun sinadarin da ma'aunan? Abin bakinta yana da makunnin da zan juya da hannu ɗaya in koma shaƙar iska irin ta da idan na ji ba daidai ba? Ya tuna mini kuma cewa matakin farko na horon wannan na'ura a PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, mita 18 ne iyakarsa, wato zan koma ɗan koyo a zurfin da na daɗe da wucewa.

Ya kuma kawo batun Yaya, wanda tukunyarsa ba ta kai masa awa guda, ya tambaye ni abin da zan yi da awanni ukun sabuwar na'urar da nake alfahari da su idan abokin nutsona ya riga ya ɗaga yatsa a hau sama. Wannan kam na yi dariya.

A hanyar dawowa dariyar ta gushe. Ba na jin tsoron na'urar ne ya kama ni, domin na san mutane da yawa suna nutso da ita shekara da shekaru lafiya ƙalau. Abin da ya dame ni shi ne dalilin da ya sa nake shiga ruwa tun farko, wato in manta da kaina in zuba wa murjani ido har lokaci ya ɓace mini. Mai wannan na'ura kuwa ba shi da wannan damar, dole ya riƙa leƙa lambar matsin oksijin da ke tsintsiyar hannunsa kusan kowane minti, yana tambayar kansa ko wannan ɗan ciwon kai ko wannan haki alamar kabon dayoksaid ne da ya tsallake sinadari. A ganina Malam ya ɗan tsananta, kamar yadda masu koyarwa suka saba, kuma ina kyautata zaton leƙen yana zama jiki idan an daɗe ana yi. Duk da haka, ban taɓa sanya wannan a lissafina ba a duk watannin da na yi ina kwatanta nauyi da batirin na'urorin.

Mun ajiye magana ranar Asabar zan gwada duka biyun a tafkin horo kafin a sake zancen saye. Malam ya gargaɗe ni cewa dabarar cika huhu domin in ɗan ɗaga sama ba za ta yi aiki ba, tunda iskar daga huhuna zuwa jakar numfashi kawai take komawa. Na sanar da Yaya da daddare, ya ce zai zo, kuma yana so Malam ya nuna masa yadda ake juya makunnin bakin nan ga mutumin da ya suma.