Siminti a Layi, Silikon a Kusurwa

Fentin bangon ɗakin da ke jingine da banɗakinmu ne ya fara nuna akwai matsala. Can ƙasa, kusa da daɓe, ya riƙa kumbura yana ɓamɓarewa, in ka shafa hannu sai wani farin gari ya biyo yatsunka. Duk wanda ya gani sai ya ce bututu ne ya fashe cikin bango. Na kira mai gyaran famfo, ya gwada bututun ya ce lafiya lau suke. Sai ya tsuguna a wurin wanka da tocilan, ya bi layin da bango ya haɗu da ƙasa, ya ce, "Maigida, matso ka gani. Ta nan ruwan yake bi." Tsaga ce siririya, daga wannan kusurwa har waccan, wadda in kana tsaye ba za ka taɓa lura da ita ba.

Wanda ya manna mana tayil ɗin ya cike ko'ina da abu ɗaya, wato simintin nan na cike layin da ke tsakanin tayil da tayil. A tsakiyar bango babu laifi, domin tayil biyu da ke kan bango guda tare suke motsi. Amma bango daban, daɓe daban. Ruwan zafi ya sauka su ɗan buɗe, sanyi ya zo su tsuke, ginin kansa ma yana ɗan motsawa da shekaru, kuma kowane ɓangare da yadda yake yin nasa. Siminti kuwa bai san lanƙwasa ba, in aka ja shi sai ya tsage. Shi ya sa duk inda fuska biyu suka haɗu, bango da bango, bango da ƙasa, tayil da bakin bahon wanka, kewayen bututun da ya ɓullo ta tayil, silikon ake sawa, wato wani abu mai danƙo da ake matsawa cikin tsaga ya bushe kamar roba, saboda ko ya bushe yana miƙewa ya koma.

Akwai abin da nake so kowa ya sani tun kafin ya ɗauki kayan aiki: simintin layi ba ya tare ruwa gaba ɗaya. Yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotsa a hankali. Ainihin mai tare ruwa ita ce shimfiɗar kariya da ake sawa a ƙarƙashin tayil tun lokacin gini. In ba a yi ta ba, gyaran sama zai rage ɓarna sosai, amma ba zai maye gurbinta ba.

Na fara da ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya da ƙotar sukundireba. Wanda ya kama sosai sautinsa a dunƙule yake, wanda ya saki kuwa sai ka ji ƙarar rami a bayansa. Irin wannan sai an ɗaga an sake mannawa, don ko ka cike layinsa, da zarar an taka zai sake tsagewa. Daga nan sai aikin da ya fi cin rai, wato fitar da tsohon simintin layin. Akwai ɗan zarto na hannu mai kaushin baki da aka yi don wannan. Da shi na bi duk layin da ya tsage ko ya rarake, ina kaffa-kaffa da gefen tayil, domin in hannu ya goce ya ɓalli sheƙin, ba ya gyaruwa. Dole a ƙwaƙule kamar kashi biyu cikin uku na kaurin tayil, sabon ya samu wurin kamawa. In a sama-sama aka shafa shi, zai ɓare ya bi ruwa. Ƙurar tana illa ga huhu, don haka na sa takunkumi da tabarau.

A bakin wurin wanke hannu akwai tsohon silikon da ya yi baƙi. Na yanka shi da reza ta sama da ta ƙasa, na jawo shi zare guda, sai dai abin da ya bari a baya shi ne wahalar: wata siririyar fata mai santsi da ke manne a jikin tayil, sai ka karkata fitila kake hango ta. Sabon silikon ba ya kama tsoho yadda ya kamata. In ka bar wannan fatar, a kanta sabon zai zauna, ya yi kyau a ido, ruwa kuma ya ci gaba da shiga ta ƙarƙashinsa. Na kankare ta tas, na bi da tsumma da sifirit har yatsa ya daina zamewa a wurin.

Inda fumfuna ta yi baƙi na wanke da bilic da aka sirka da ruwa, taga a buɗe. Kada a kuskura a haɗa bilic da maganin wanki mai asid ko mai amoniya, iskar da ke tashi guba ce, banɗaki kuma wuri ne matsattse. Bayan wanki sai jira. Na hana kowa wanka a wurin, na saita fanka tana kaɗawa cikin ramukan, har sai da takarda mai laushi ta shiga ta fito a bushe. Mutanen gida sun yi ƙorafi, ban sassauta ba, don silikon ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, laimar da ka rufe a ciki kuma tana nan tana ɓarnarta.

Layin da ya haura milimita 3 a faɗi simintin layi mai yashi yake so, yashin ne ke hana shi tsukewa ya tsage. Matsattsen layi kuwa mara yashi ne zai shige shi. Akwai na ifoksi, wanda ake haɗawa da wani irin gam maimakon siminti, da ba ya shan ruwa ko tabo, sai dai yana saurin daskarewa, ban ga ya dace da mai koyo ba. Wajen kwaɓa simintin layi, ruwa na fara zubawa a bokiti, sannan garin kaɗan-kaɗan, ina juyawa har ya yi kaurin man goge baki. Sai a bar shi minti 5 zuwa 10 ya jiƙu, a sake juyawa ba tare da ƙarin ruwa ba. A nan ne zuciya ke raya maka ka ɗan ƙara ruwa don ya yi daɗin shafawa. Kada ka biye mata. Ruwan da ya yi yawa in ya ƙafe ramuka yake bari, layin ya fito da rauni, launinsa ya yi dabbare-dabbare.

Da abin shafe mai tafin roba na cusa shi, da safa a hannu, ina ratsa layukan a gicciye. In ka bi layi a miƙe, bakin robar zai faɗa ciki ya kwaso abin da ka cusa. Kusurwoyi duka na bar su a buɗe. Bayan minti 15 zuwa 30, in layi ya yi tauri bai biyo yatsa ba, sai soso, a matse shi har ya daina ɗiga. Hazon simintin da ya rage a fuskar tayil busasshen tsumma ne ke ɗauke shi. Ruwan ɗaurayar kuma ban zuba shi a magudana ba, domin siminti yana daskarewa ko a cikin ruwa.

Sai da simintin ya samu awannin da aka rubuta a jikin buhunsa, akasari 24 zuwa 72, kafin na taɓa silikon. Wajen saye a duba da kyau. Akwai wani mai kama da shi, na akirilik, da masu fenti ke toshe tsaga da shi, amma yana tsukewa, ba ya jure jiƙa kullum. Na wurin wanka shi ne silikon zalla mai maganin fumfuna. Wani yana da warin tsami mai hawa kai, asid ne yake fitarwa yayin bushewa. A tayil ba komai, amma in akwai marmara, mara asid za a nema, don asid yana cin fuskarta.

Na manna tef na takarda layi biyu, ɗaya a bango ɗaya a ƙasa, na bar tsakaninsu kamar milimita 5 ko 6. A wani gefe ramin ya yi zurfi, sai na fara cusa igiyar soso da ake yi don haka. Ita ke hana silikon zurarewa ciki, tana kuma sa ya kama gefe biyu kawai, abin da ke ba shi damar miƙewa ba tare da ya yage ba. Na yanke bakin robar silikon ɗin a karkace, rami ƙarami, na sa ta a bindigar da ake matso shi da ita. Abin da ake so shi ne matsi ɗaya da tafiya ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa ba tsayawa. Kana gama layi ka lallaɓa shi nan take, ja guda, kana dannawa ya shige ciki ya bar ɗan kwarin da ruwa zai gangara. Sannan ka ɓare tef tun silikon yana ɗanye, kana jan sa nesa da layin, don cikin 'yan mintuna samansa ke fara yin fata, in ka makara tef ɗin zai ɗago gefen. Da yawa suna fesa ruwan sabulu kafin su lallaɓa. Ni ban yarda da shi ba: in ya shiga ƙarƙashin gefen da bai riga ya zauna ba, wurin ba zai kama ba, daga nan kuma baƙi ke farawa.

Duk mai bahon wanka sai ya cika shi da ruwa kafin ya sa silikon, ya bar ruwan a ciki har silikon ɗin ya bushe. Nauyin yana buɗe tsagar iyakar buɗewarta. In aka cike ta baho na wofi, ranar da aka cika shi mutum ya shiga, silikon zai ja ya ɓalle. A gindin masai na zagaye gaba da gefe biyu, na bar bayan a buɗe da gangan, don in wata rana ya fara yoyo daga ƙasa, ruwan ya fito a gani maimakon ya taru a ɓoye. Laimar iska ce ke sa silikon daskarewa, daga waje zuwa ciki, saboda haka ko samansa ya bushe, a ba shi aƙalla awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi.

Daga ƙarshe na shafa wa simintin layi ruwan kariya mai shiga jiki, da ɗan burushi, ina goge wanda ya hau tayil. In ka ɗiga ruwa a kan layi ya tsaya a dunƙule, kariyar tana nan. In wurin ya yi duhu ya shanye, lokacin sabuntawa ya yi. Na kuma kawar da duk maganin wanki mai asid daga banɗakin, domin yana cinye simintin layi kaɗan-kaɗan. Bayan wanka muna janye ruwan bango da abin share ruwa na roba, mu bar taga a buɗe. In na ga gefen silikon ya fara ɗagowa ko baƙi ya shige cikinsa, ba na liƙa wani a kai, layin nake yankewa gaba ɗaya in sake sabo.