Abin da haɗa goge da gyaransa suka koya mini

Yawancin gogen da ake kawowa gyara a Katsina da damina, mai shi tsagiya yake zargi, wato tsirkiyar gogen da ake yi da izgar doki. Zai ce murya ta dushe, a sake masa izga. Abin da aikin nan ya fara koya mini shi ne kada a yi saurin kwance tsagiyar. A fara ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa. In ta amsa da kaifi, lafiyarta lau. In ta yi bif kamar an bugi buhu, to danshi ta sha, ta saki, jaki, wato ɗan abin da ke tokare tsagiya a kan fata, ya nutse a cikinta, tsagiya kuma ta yi sako-sako. Maganin sau da yawa bai wuce a ɗan shanya shi a hantsi ko a kara shi nesa da garwashi ba, ana juyawa ana taɓawa da bayan hannu. Zafin da hannu ba zai jure ba, fata ma ba za ta jure ba.

Tun daga ƙwarya ake samun goge ko a rasa shi. Ana neman wadda ta ƙosa a jikin yaɗonta, ta bushe sarai, faɗin bakinta kamar taƙi guda ko ya ɗan ɗara, ta kukuma kuwa ba ta kai haka ba. A kankare totuwar ciki tas, domin abin da aka bari shi ke kiran ƙwaro. Ramuka biyun da sandar wuya za ta ratsa, da ƙarfe mai zafi ake huda su, a hankali, su tsaya daura da juna. Wanda ya sa wuƙa yana murɗawa zai bar 'yar tsaga da ido ba ya gani, sai ranar da fata ta bushe ta ja, ƙwaryar ta buɗe daga nan. Ɗinkin gyartai yana ceton ƙwaryar fura, amma a jikin goge wurin ɗinkin yakan riƙa zuza a ƙarƙashin kowace murya. In tsagar ta kai baki, a nemi wata ƙwaryar kawai.

Fatar guza ko ta damo ake so saboda ba ta da kauri, ga ƙarfi, kuma ba ta da gashin da za a tsaya cirewa. Ta ɗan akuya tana yi in babu, sai dai muryarta ta fi nauyi kuma ta fi saurin jin sanyin damina. Ana jiƙa ta har ta yi laushi, a kankare ragowar nama da kitse ta ciki, a shimfiɗa a bakin ƙwarya. A nan ne masu koyo ke ɓata aiki: sai su fara kafa ƙusa daga gefe ɗaya su zagaya. Fatar za ta tattare a ƙarshe, gefe guda a ɗame, ɗayan a sake. Ana kafa ɗaya ne, a ja, a kafa ta daura da ita, sannan a gicciye, a yi ta cike tsakani a haka. Kuma kada a ja ta iya ƙarfi tana jiƙe, don bushewa za ta ƙara nata jan. Gogen da aka ɗaure tamau a watan Agusta shi ne ke yagewa a bakin ƙusa in iskar hunturu ta kankama a Janairu. A inuwa ake busar da shi, kwana biyu ko uku, sannan a yanke 'yar kafar nan zagayayya da sauti ke fita, can gefe, nesa da inda ƙafafun jaki za su zauna.

Izga ba ta wahalar samu a ƙasar da ake hawan salla da hawan Gani irin Daura, in mutum ya saba da masu kula da barga. Ta ingarma aka fi so, don fitsari yana ɓata ta goɗiya, ta yi ta tsinkewa. A wanke ta da sabulu, a taje, a zubar da masu ƙulli da masu lanƙwasa. Dole kowane sili ya ɗauki ja daidai da ɗan'uwansa, shi ya sa ake ɗaure ƙarshenta tana da ɗan danshi bayan an taje ta ta miƙe. Sili uku ko huɗu da suka yi sako-sako sun isa su sa goge shessheƙa.

Sai ƙaro. Izgar baka, wato abin da ake goga tsagiya da shi, ba ta fitar da sauti don kanta, ƙaron da aka goga mata ne ke sa ta cafki tsagiya, ta ja ta, ta saki, ta sake cafka, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Haka abin yake a goge, haka a imzad, gogen matan Buzaye, haka a goge mai tsirkiya huɗu na Turawa, su da ƙaron wata bishiyar ƙasarsu suke amfani. Abokin gabar ƙaro maiƙo ne. Mai goge ya ci tsire ko ya shafa man kaɗanya saboda kaushin hunturu, ya kama tsakiyar baka, shi ke nan, wurin zai riƙa zamewa shiru. Ƙarin ƙaro a kai ba ya gyarawa, dauɗa kawai yake tarawa har ta yi baƙi ta dunƙule. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bari ta bushe ƙarau, a sake gogawa kaɗan-kaɗan.

Jaki kuwa ɗan abu ne, amma matsar da shi faɗin yatsa guda yana sauya muryar goge gaba ɗaya. Can tsakiyar fata murya takan yi kauri ta rasa kaifi, kusa da baki ta sirance. Tun da yatsun mai goge taɓa tsagiya suke yi ba sa danne ta a jikin sanda, tsayin jaki sai ya bar sarari isasshe tsakaninsu. Ƙafafunsa a goge su su yi sumul, su zauna daram, domin ƙafa mai tsini tana cin fata a hankali har ta huda ta. In an gama wasa da damina, a kwantar da jakin a sa gogen a jaka, a rataye shi nesa da bangon da ke tsattsafo.