Yadda aka auna makamashin litiyam da santimita

A watan Afrilun 1932, a ɗakin binciken Cavendish na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, John Cockcroft da Ernest Walton suka harba furoton, wato cibiyar ƙwayar zarrar haidurojin, a kan ƙarfen litiyam, cibiyar ƙwayar zarrar ta haɗiye shi ta rabe gida biyu, kowane ɓari ya zama cibiyar hiliyam, wato ƙwayar alfa. Yawanci a nan ake tsayar da labarin, ni kuwa abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka gano yawan makamashin da ya fita.

Walton ya duƙa a cikin wani ɗan akurki da aka lulluɓe da darma, idonsa a kan madubin ƙara girma, yana kallon wani ƙaramin allo da ke tartsatsin haske duk lokacin da ƙwayar alfa ta faɗa masa. Daga baya suka riƙa sanya siraran fallayen ma'adinin maika a kan hanyar ƙwayoyin, suna ƙara kauri sannu a hankali, har suka daina ketawa. Kaurin da ya tare su ya yi daidai da kimanin santimita 8 na iska, kuma da yake an riga an san dangantakar nisan da ƙwayar alfa ke ci da makamashinta, sai lissafi ya ba kowace ƙwaya kimanin MeV 8.6 (MeV ma'aunin makamashin irin waɗannan ƙwayoyi ne), biyun a haɗe kuwa 17.2.

Ƙarfin wannan awo shi ne akwai wata hanya ta daban da za a bi a gwada shi. A ƙididdigar yau, nauyin litiyam-7 da haidurojin a haɗe 8.0238 ne a ma'aunin ƙwayar zarra, na hiliyam biyu kuwa 8.0052, saboda haka 0.0186 ya yi ɓatan dabo. Idan aka bi ƙa'idar Einstein, wadda ta ce nauyi na iya rikiɗa ya zama makamashi, aka ninka wannan giɓi da 931.5, wato yawan MeV da ke cikin ma'auni ɗaya na nauyin, sai a samu MeV 17.3. A 1933 Kenneth Bainbridge ya auna nauyin sosai a Amurka, sakamakon ya dace da abin da fallayen maika suka nuna.

Rutherford, shugaban ɗakin binciken, ya yi watsi a 1933 da fatan samun wutar lantarki ta wannan hanya, kuma a ganina yana da hujja game da wannan gwaji, domin furoton ƙalilan ne ke dacewa da cibiyar, sauran duk su tafi a banza, makamashin da aka kashe ya fi wanda aka samu nesa ba kusa ba. Cockcroft da Walton sun karɓi lambar yabo ta Nobel a 1951.