Kawu Ya Warke a Takarda, Amma Bai Koma Zaure Ba

Shekara guda ke nan da kawuna ya gamu da shanyewar ɓarin jiki a gidansa da ke cikin birnin Zazzau, kuma ni nake yi masa rakiya wurin gashin ƙashi. Duk zuwan da muka yi sai an auna jininsa, a sa shi ya damƙe hannu, ya miƙe daga kujera, ya taka daga wannan bango zuwa wancan, a rubuta. Bayan wata bakwai takardarsa ta yi kyau. Sai dai mutumin da a da ba a ɗaura aure a unguwa ba da shi ba, wanda zaurensa ba ya rabuwa da masu ɗinkin babbar riga, ya daina fita ko da sallar jam'i, saboda sai a kan kujera yake iya salla, kuma yana jin nauyin a gan shi haka.

Irin wannan giɓi ne ya sa a shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin da ya bambanta lafiyar gaɓoɓi da abin da mutum yake iya yi, da kuma yadda yake shiga harkokin jama'a. A 2010 ta wallafa ma'aunin WHODAS 2.0, wato takardar auna wahalar da rashin lafiya ke jawo wa mutum a harkokinsa na yau da kullum, mai tambayoyi 36, da gajerensa mai 12. Ana tambayar baligi ne game da kwana 30 da suka wuce, a fannoni shida: fahimta, zirga-zirga, kula da kai, mu'amala da mutane, ayyukan gida da na neman abinci, sai shiga sha'anin al'umma. Amsar kowace tambaya hawa biyar ce, daga babu wahala har zuwa ba ya iyawa sam.

Da na samu gajeren, sai na zauna da shi bayan la'asar ina mayar masa da tambayoyin cikin Hausa. A nan na gane cewa fassarar kalmomi ita ce ƙaramar matsala. Kowace tambaya na yi, amsarsa ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Dattijon Bazazzagi ba zai buɗe baki ya ce wa ɗan ƙanwarsa wanka yana ba shi wuya ba, don a wurinsa wannan raki ne, kuma rashin godiya ga Allah. Da na cika takardar a kan wannan amsa, da ta nuna lafiyarsa lau.

Sai na sauya salo. Na ce, "Kawu, tun da watan nan ya kama, ta'aziyya nawa ka je?" Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce an yi rasuwa uku, duk aike ya yi. Na tambaye shi wa ke yanka ragon suna yanzu, ya ce ƙanensa. Ashe ƙidaya ta fi "yaya kake ji" fito da gaskiya.

Ita ma ƙidayar tana da nata aibin. Matar kawu ba ta cika fita ba tun fil azal, amma ita ce uwar adashi, a ɗakinta ake sasanta kishiyoyi, kuma ƙuli-ƙulinta har Samaru ake kai shi. Wanda ya auna ta da yawan fita waje zai ce ba ta cikin jama'a, alhali jama'ar ce take zuwa wurinta. Shi ya sa nake ganin masu ma'aunin PROMIS na Amurka, wanda shi ma tambayoyi ne da majinyaci ke amsawa game da lafiyarsa, sun yi dabara da suka raba iya shiga harkokin zamantakewa da gamsuwar mutum da rawar da yake takawa.

Makon jiya aka yi rasuwa a Tudun Wada, na tsayar da Keke Napep a ƙofar gida ba tare da na yi shawara da kawu ba. Ya daɗe yana duban sandarsa, sannan ya ce a miƙo masa hularsa.