Ranar Ɗaukar Hoto a Makarantar Mishan

A gidajen Kiristoci da dama na ƙasar Zazzau, har da wasu gidajen Musulmi da iyayensu suka yi karatu a hannun mishan, akwai wani irin tsohon hoto baƙi da fari wanda tsarinsa kusan ɗaya ne ko'ina. Ƙananan yara suna zaune a ƙasa sun tanƙwashe ƙafafu, hedimasta da malamai suna kan kujeru a tsakiya, manya suna tsaye bisa benci a baya, sannan wani yaro a gaba yana riƙe da allon da aka rubuta aji da shekara da alli. Abin da ba a cika samu ba shi ne sunayen yaran, kuma wannan rashin ne yake damuna.

Domin a gane su wane ne yaran nan, sai a koma ga yadda irin waɗannan makarantu suka soma. Likita Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglika, yana cikin ayarin da ya isa Kano a 1900, wanda Sarki Alu bai yarda ya zauna ba. A 1905 Miller ya sami wuri a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Daga 1913 ne wasu Isawa, wato mabiya wata ɗariƙa mai ba Annabi Isa girma na musamman, suka haɗu da shi, aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ba a daɗe ba cutar barci ta shiga ƙauyen ta watsa shi, aka kwaso yaran da suka tsira zuwa Zariya. A 1929 mishan ta bar cikin ganuwa ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausawa. Saboda haka a cikin sahun farko na ɗaliban akwai marayu da yaran da suka yi nisa da danginsu, waɗanda makaranta ta zame musu gida. A makarantar wannan mishan ne Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon suka yi karatun farko. Waɗannan kowa ya san su, amma kowanensu ya zauna a aji tare da yara da yawa da suka zama malaman firamare, ungozomomi, akawu da manoma, kuma ƙoƙarinsu bai gaza na kowa ba.

Gwaggona ta yi makarantar kwana ta mishan a kudancin lardin Zariya kafin samun 'yancin kai, kuma ita ce ta ba ni labarin yadda ake shirya wa ranar hoto. Tun kwana biyu kafin zuwan mai hoto ake wanke inifom a rafi, a sa bula a fararen riguna, sannan a yi layi ana jiran dutsen guga na gawayi guda ɗaya da ke hannun manyan ɗalibai. Maza su sha aski, mata su yi wa juna kitso har dare, da safe kowa ya shafa man kaɗanya don kada ƙafa ta fito fari fat da ƙura. Wanda rigarsa ta yage sai a sa shi a sahun baya, wanda ba shi da takalmi kuma a zaunar da shi yadda ƙafarsa ba za ta fito ba. Mai hoto yakan zo da kyamara mai ƙafa uku, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya sa yara su fuskanci rana domin haske, kuma shi ya sa idanun da yawa suke a tsuke. An kuma gargaɗe su kada su motsa, ga malamai a kusa, don haka ba wanda ya yi murmushi.

Da na ce mata, "Gwaggo, ai kun yi tsaf, da gani ana kula da ku," sai ta ce, "Ɗana, an kula da mu, amma wannan rana ɗaya ce a shekara." Sauran ranakun kuwa ƙararrawa ce take tashe su da asuba, su ɗebo ruwa, su share fili, su yi addu'ar safe da waƙoƙin yabo da Hausa, su shiga aji, da yamma su tafi gonar makaranta ko su samo itace. Ta tuna malamar da ta koya mata ɗinki da karatun Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, kuma har yanzu tana sa mata albarka. Haka nan ta tuna ƙananan yara da suke kuka da dare saboda kewar uwa, sai manyan 'yan mata su goya su har su yi barci. Ta lissafa mini waɗanda ba su cikin hoton ma: wata tana kwance da zazzaɓi, wata an mayar da ita gida saboda kuɗin makaranta, wata an cire ta an yi mata aure.

Akwai kuma dalilin da ya sa aka tsara hotunan haka. Da yawansu ba don yaran aka ɗauka ba. Ana aika hotunan Ingila da Amurka domin masu ba da gudummawa su ga inda kuɗinsu yake tafiya, wasu kuma a buga su a mujallun mishan. A ganina wannan ba yaudara ba ce, domin makaranta tana bukatar alli da magani da abinci, amma sakamakonsa shi ne sau da yawa an rubuta sunan Baturen da ke tsakiya, yaran kuwa aka kira su "ɗalibai" kawai.

Takardu da hotunan CMS suna ajiye a Jami'ar Birmingham a Ingila. Ina ganin ya dace majami'u da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su nemi kwafinsu, a ajiye a wuri kamar Arewa House a Kaduna, a kuma zagaya da su gidajen dattawan da suka rage. Da na kai wa Gwaggo nata hoton da fensir, ta gane fiye da rabin fuskokin, ta faɗi garin kowace da wanda ta aura, sauran kuma ta ce in je wurin wata ƙawarta da suka yi aji ɗaya, wadda take zaune a Kafanchan.