Kumbon da aka yanke wa sunana

Ƙarshen watan nan zan bar maɗaba'a. Kowa a sashen zane ya san ba ƙarancin albashi kaɗai ya kore ni ba, don haka gara in faɗa da bakina kafin a ƙara wa zancen gishiri. Maganar kumbon nan ce da na zana wa bangon wani littafin yara.

Waɗanda muka daɗe tare sun san cutata. Tun ina sakandare nake tsintar tsofaffin littattafan Turanci na gwanjo da ake bazawa a ƙasa a Sabon Gari, kuma bangonsu nake saye, ba labarin ciki ba. Ƙagaggun labaran kimiyya ne bugun Ingila na shekarun 1970, da yawansu na kamfanin Panther. A nan na san hannun Chris Foss, mutumin tsibirin Guernsey da aka haifa a 1946. Kafin shi, yawanci kumbo a zane siriri ne, mai tsini, launin azurfa, fes da shi. Shi kuwa ya zo da ƙattin kumbuna masu ratsin rawaya da baƙi da ja, ga hayaƙi, ga tabo, ga ɗaruruwan ƙananan tagogi, kamar tirelar da ta sha hanyar Legas ta iso Kano da ƙurarta. Da 'yar na'urar feshin fenti yake aiki, kuma an san shi da rashin karanta littattafan da yake yi wa bango. Bayansa na san Peter Elson da Tony Roberts, sannan John Berkey na Amurka, wanda in ka matsa kusa da zanensa shafe-shafen burushi kawai za ka gani, sai ka ja baya kumbo ya tashi.

Duk wannan na sha ba Oga labari, lokacin da muke shiri. Shi ya sa da wani marubuci ya kawo labarin yara kan tafiya duniyar Mars, Oga bai nemi kowa ba sai ni. Ya ce, "Malam, ga irin naka ya zo." Na ce ba zan haɗa shi a kwamfuta ba, da hannu zan yi. Ya ce in yi, amma kada kalandun 'yan siyasa su tsaya. Saboda haka bayan an tashi nake zama, da fentina, da allon da na saya da kuɗina. Na sa hannu a ƙasa ta dama, yadda kowane mai zane yake yi.

Da littafin ya fito daga inji, an datse ƙasan hoton, an dasa tambarin kamfani daidai inda sunana yake. A shafin ciki an rubuta cewa sashen zane ne ya yi bango. Ban ce komai ba. Bayan 'yan watanni sai ga kumbon a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta, katan-katan, har na ga yara a unguwarmu suna riƙe da shi. Ko sisi ban gani ba. Allon asali kuma ya koma bangon ofishinsa, bayan kujerarsa, yana nuna wa baƙi.

Ranar da na shiga na ce, "Yallaɓai, ko allon a ba ni," bai ɗaga murya ba. Murmushi ya yi ya ce ai albashi ake biyana, sannan ya ƙara da cewa, "Turawan nan naka ma ba kai ka ce mini haka aka yi musu ba?"

Wannan ita ce maganar da ta ci ni, domin gaskiya ya faɗa, kuma daga bakina ya ji ta. Hugo Gernsback, wanda ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926, Frank R. Paul yana zana masa bango, ya yi ƙaurin suna wajen ƙin biyan marubutansa a kan lokaci, amma yau babbar lambar yabo ta wannan fanni sunansa take ɗauke da shi. Littattafai da yawa na wancan zamani ba su ambaci mai zanen bango ko a shafi ɗaya ba. Hoto guda kan hau littafin da ba shi da alaƙa da shi. A shekarar 2000 ma, wani mai zane, Glenn Brown, ya kai zagayen ƙarshe na gasar Turner ta Ingila da wani ƙaton hoto da ya ɗauko kusan kacokan daga bangon da Tony Roberts ya zana a 1974. Sai da aka yi ta hayaniya a jaridu kafin mutane su san sunan mai asalin aikin. Ni ina ba da waɗannan labarai ne don tausayin masu zanen, ashe Oga darasin kasuwanci yake ɗauka.

Har yanzu ina son hotunan nan, kuma ban ga abin da ƙirƙirarriyar basira take fitarwa yau da ya kama ƙafarsu ba: tana iya ratsin, tana iya hayaƙin, amma kumbonta ba shi da nauyi, ba ka jin cewa akwai wanda ya ɗaura kusoshinsa. Sai dai yanzu in na ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan, gefen bango nake fara dubawa in ga ko an bar sa hannun, kafin in kalli kumbon.

Ga matasan sashe, abin da zan bar muku kaɗan ne, kuma ba da kowa nake ba. Aikin da ka yi bayan an tashi, da kayanka, a rubuta na waye tun kafin ka buɗe gwangwanin fenti. A rubuta bugu nawa, kuma a kan me. Sa hannunka ya shiga cikin jikin hoton, inda ba za a datse shi ba sai an datse hoton. Kada shugaba ya san abin da za ka iya yi kyauta don so. Ka ɗauki hoton aikinka kafin ya bar teburinka.

Mai tsaron sito ya tambaye ni jiya ko na'urar feshin da burusan da ke cikin durowata na kamfani ne, wai an ce ya ƙirga. Kayana ne, rasit ɗinsu na hannuna, kuma ranar Juma'a zan zo da ɗan sahu in kwashe su tare da katan ɗin littattafaina.